Mama Ta Ce Noni Ba Magani Ba Ne

Salama gare ku 'yan uwa, admin a taimaka a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle kuma ba ni da wanda zan gaya wa a gida.

Ni 'yar Mubi ce, iyayena manoma ne daga Betso amma yanzu muna cikin gari. Babana ya daɗe yana fama da ƙwannafi, in ya ci miya mai yaji ko mai maiƙo sai ƙirjinsa ya kama da wuta, ruwa mai tsami yana taso masa har maƙogwaro. Wata mata a zumuntar matan cocinmu ce ta kawo wa Mama dashen wata bishiya mai suna noni daga kudu, ta ce yana gyara ciki. Mama ta dasa a bayan kicin, ta yi ta lallaɓa shi da ruwan wanke-wanke har ya fara 'ya'ya. In ya nuna warinsa ya fi na ruɓaɓɓiyar daddawa, amma haka take rufe shi a kwalba ya tsatso ruwa, ta tace ta ba Baba safe da yamma. Gaskiya ya ce yana jin sauƙi, har ya koma cin abinci, Mama kuwa ba wanda ba ta yi wa wa'azin noni ba, har mai kawo mana ruwa.

Bana ƙafafunsa suka fara kumbura, muka kai shi asibiti, aka ce hawan jini ya taɓa masa ƙoda. Likita ya tambayi Mama ko akwai wani magani da yake sha a gida. To a wajen su Mama, in an ce ana magani a gida ana nufin na boka ne, layu da turare. Nan take ta haɗe rai ta ce, "Likita, mu masu bi ne. Ba mu yin magani a gida namu." Ina tsaye a wajen, ni ma ban kawo komai a raina ba, don noni a wurinmu ɗan itace ne kamar mangwaro.

Da muka koma awo ni kaɗai na raka Baba. Aka ce wani sinadari mai suna fotasiyam ya hau sosai a jininsa. Likita ya yi ta lissafo abinci, ayaba, lemo, dankali, har Baba da bakinsa ya ambaci noni. Likitan ya ce ba shi ya kawo ciwon ba, amma yana da wannan sinadarin da yawa, ƙodar Baba ba ta iya fitar da shi, in ya taru zai iya tsayar da zuciya farat ɗaya. Ya ce a daina daga ranar.

A cikin keke muna dawowa Baba ya riƙe hannuna ya sa na yi masa alkawari. "Kar ki gaya ma Mama naki. Zai ce shi ne ya kashe ni." Mama yake nufi, don Hausar Baba ba ta bambanta mace da namiji. Ita ma tana da hawan jini, kuma tun rasuwar yayana take ɗora wa kanta laifin komai. Ya ce zai san yadda zai yi.

Bai yi komai ba. Mama tsayawa take a kansa sai ya shanye, shi kuma ya karɓa har da godiya. Na gwada ce mata likita ya hana duk abin da ba na asibiti ba, ta ce likita magani ya ce, noni ba magani ba ne. Muka yi kaca-kaca, ta ce na yi boko na raina ta, in an daina ƙwannafin ya dawo ya hana shi cin tuwo ni zan ɗauki alhakin? Na koma kan Baba da faɗa, ina kuka. Ya ce, "Shi kaɗai ya rage da yake iya yi mini. In na ƙi kofin, me zai yi da hannu nasa?"

Haushinsu nake ji su biyun, kuma tsoro ya hana ni sakat. Na yi tunanin sare bishiyar, amma akwai kwalabe cike a ƙarƙashin gadonta.

'Yan uwa, in karya alkawarin in faɗa mata gaskiya, ko da jininta zai hau? Ko in yi shiru ina kallo? Wanda ya san yadda ake gaya wa uwa irin wannan magana don Allah ya koya mini da wuri. Yanzu haka da nake rubutun nan, ina jin ta a kicin tana ɗauraye kofin.