Azumin Hadiza Ba Na Neman Lada Ba Ne

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya zaman Legas? Ya mai ɗakinka da yara? Mu nan Daura da sauƙi, sai dai raina a ɓace yake, kuma kai ne sanadi.

'Yarka Hadiza ta yanke jiki ta faɗi a makaranta. Azumin nan da kake ta yabo a waya, kana cewa ka haifi waliyyiya, ba na neman lada ba ne. Ba ta sahur, in an sha ruwa dabino kawai take ci, tuwonta kuwa awakina take zuba wa. Ta san ba mai hana yarinya ibada.

Ka tuna da Sallah, da ka kira ta Randa a gaban ƙawayenta suka kwashe da dariya? Sunan ya bi ta har aji. Da na matsa mata, cewa ta yi, "Gwaggo, so nake Baba ya dawo ya ga na rame." Haba Yaya!

Likita ya ce ciwo ne, ba iyayi ba. Malamarsu ta tara iyaye, ashe ba Hadiza kaɗai ba ce. Ta ce mu riƙa ci tare da yara, mu daina ba'a da jikinsu. Malamin Islamiyya ma ya dakatar da ita daga azumin.

Ka gai da mutanen gida, a sa ta a addu'a. Hijabin tukuicin da ka yi mata alkawari kuwa, riƙe abinka. Ka buga mata waya, ka kira ta da sunan da ka raɗa mata ranar suna.

Ƙanwarka,
Binta