Laimar da Haisam Ya Ninke

Jamaica, Queens, New York

Zuwa ga Yayana Mukhtari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Mariya da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya jiƙan Inna, ya haskaka makwancinta. Mu nan lafiya lau muke. Humaira ta shiga aji huɗu, tana jin Hausa sarai amma da Turanci take mayar da amsa, sai in Baba ne ya yi magana, nan kam takan lalubo abin da ya sauwaƙa. Maigidana Haisam yana nan wurin aikinsa a filin jirgi, ni kuma ina ɗakin magani na asibiti kamar kullum. Baba yana shan maganin hawan jininsa a kan lokaci, yana cin abinci, har ya fara kushe miyata, wanda ka san alamar lafiya ce a wurinsa.

Na saurari saƙon muryarka har sau biyu. Na fahimci bidiyon nan ya zaga dangi, an ga Baba durƙushe a cikin gona yana tsintar ɓaraguzan wani abu, kuma Kawu Ado ya yanke hukunci cewa tsufa ya fara taɓa masa tunani, ni kuma na bari ana wasan yara da dattijo a ƙasar mutane. Ka ce a sa shi a jirgi ya dawo gida kafin abin ya yi nisa. Ban ga laifinka ba, wanda ya ga bidiyon minti ɗaya abin da zai ce ke nan. Na zaɓi in rubuto maka ne don a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana, kuma mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa.

Ka tuna yadda Baba ya zo mana bayan rasuwar Inna. Wata da watanni yana zaune bakin taga yana kallon jirage suna sauka, daga sallah sai taga. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da Fiziks, wanda ba ya iya ganin fanka tana juyawa bai yi wa mutane bayanin dalili ba, ya koma ba ya ce wa kowa komai. Wata rana ya raka Humaira laburaren unguwarmu, ya tarar da wasu mutane sun baje rokoki a kan tebur suna nuna wa yara. Yaran suka watse, shi ya tsaya. Ashe kulob gare su, yawancinsu ma masu furfura ne irinsa. Suna ƙera roka da hannunsu, su fita bayan gari su harba ta sama, ta buɗe laima ta sauko. Ƙananan kowa yana iya harbawa, amma manyan, masu inji mai ƙarfi, sai mutum ya ci jarrabawa an ba shi shaida. Kuma don hankalinka ya kwanta, ba a ɓoye ake yi ba. Da izinin hukumar kula da sararin sama suke harbawa, a wata gonar ciyawa mai nisa da gari, injin ma a can wurin ake saya, ba a gidana yake kwana ba.

Jarrabawar ba ta alƙalami ba ce. Kai za ka ƙera rokar, wani tsohon hannu a kulob ɗin ya duba ta, ka harba a gabansa, laima ta buɗe, ka je ka ɗauko ka kawo masa ya ga ba ta lalace ba. Baba ya mayar da teburin cin abincinmu wurin aiki. Bututu mai kauri, fikafikai na katako, gam mai wari, ga garin samfefa har cikin sukari. Da ya tsayar da ita a falo ta kai shi tsawo. Ya shafa mata kore da fari, ya ce ba don kishin ƙasa ba ne, fentin da ya samu ke nan. A tsaye muka riƙa cin abinci, ban yi ƙorafi ba, domin mutumin da ya daina magana ya dawo yana yi mini lacca a kan inda nauyi ya kamata ya zauna a jikin roka, ina sauri zan fita aiki.

Yanzu ga abin da bidiyon bai nuna ba. Ka san Haisam da kunya. Shi da Baba suna zaune a gida mai ɗaki biyu kamar masu wasan ɓuya. Ba ya cin abinci a gabansa, in sun haɗu a ƙofar banɗaki kowa ya ja da baya, sai ni na zo na raba. Ran da muka je gonar karo na farko, Baba ya shimfiɗa tabarma ya durƙusa zai ninke laimar. Haisam ya ga surukinsa a ƙasa yana aiki, shi kuma yana tsaye hannu sake. Jikinsa bai ba shi ba. Ya russuna ya karɓe laimar da hannu biyu, ya ninke ta tsaf kamar yadda masu bugu ke ninke shadda, ya danne ta da gwiwa, ya naɗe igiyoyin a jikinta tam, har da ɗan ƙulli don kada ta warware a hanya. Ban taɓa ganin ninki mai kyau irin wannan ba. Matsalar kawai ita ce laima ana so ta warware a hanya.

Ina kallon fuskar Baba, ya ga ƙullin sarai. Amma ya zai kwance aikin surukinsa a gaban idonsa, a gabana da gaban Humaira? Sai ya sa masa albarka, ya tura laimar cikin bututu. Rokar ta tashi lafiya, ta yi sama har ta zama kamar allura. Can sama kan rokar ya fita yadda aka tsara, laimar ta fito, ta biyo rokar ƙasa a ninke kamar tsaraba. Fikafikai biyu suka karye, bututun ya lanƙwashe. Mai duba jarrabawar, wata dattijuwa mai hular kaboyi, ta ɗaga laimar ta tambayi wa ya ɗaure ta haka. Baba ya ce shi ne, mantawa ya yi. Ta dafa kafaɗarsa ta ce kada ya damu, su ma shekaru suna yi musu haka. Ya karɓi wannan. To ka ji ruɗewar da Kawu Ado ya hango daga Kano. Mutum ya zaɓi a ce ya tsufa a kan a ce surukinsa ya yi ɓarna. Bidiyon kuwa Humaira ce ta tura wa Sadiƙ ɗinka don ta ba shi dariya, ba ta san majalisa za ta zauna a kai ba.

A mota babu wanda ya yi maganar. Haisam ya san abin da ya yi, Baba ya san ya sani, kowa yana yabon kyawun hanya. Baba ya sake sabon bututu, ya yanka sababbin fikafikai. Da lokacin komawa ya matso, ya kira ni kicin ya ce, cikin dabara, ko baban Humaira yana da aiki ranar. Na ce ba shi da shi, kuma shi ne direba. Ya ci gaba da juya shayinsa. Sai na je na sami Haisam na gaya masa da Turanci, don a Hausa ban sami hanyar faɗa ba tare da ta yi zafi ba, cewa ranar nan girmamawar da zai yi wa Baba ita ce kada ya taɓa komai. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma wannan jinkar dokar kulob ta ce mai ita ne zai ɗauka.

Asabar ɗin da ta wuce muka koma. Gari ya yi kyau, iska kaɗan. Baba ya durƙusa ya ninke laimarsa sako-sako, mummunan ninki, irin wanda Inna za ta ƙwace ta sake. Haisam ya cusa hannuwansa cikin aljihu ya juya yana karanta lambar wata mota. Baba ya saɓi rokar ya kai ta kan dogon ƙarfen da take tashi a kai, ya haɗa wayoyi, ya dawo bayan igiya inda kowa ke tsayawa. Aka kira sunansa a lasifika, an karya shi yadda suka saba, aka ƙirga, aka danna. Ƙarar ta fi yadda nake zato, har cikin ƙirji. Rokar ta miƙe sak ta bar farin hayaƙi, muka ɗaga kai har wuya ya gaji. Sai ga ɗan jan abu ya buɗe can sama, yana lilo a hankali. Na ji Baba ya ce alhamdulillahi ƙasa-ƙasa, kamar wanda ya gama cin abinci.

Iska ta kai ta can ƙarshen gonar, kusa da bishiyoyi. Baba ya kama hanya a ƙasa, Haisam ya bi bayansa da 'yar tazara. Na tsaya ina kallonsu suna dawowa, tsoho a gaba da roka a kafaɗa, jar laima a hammata, surukinsa a baya hannu biyu babu komai, kansa a ƙasa kamar wanda aka kama da sata. Ban taɓa ganin ya yi wa Baba hidima mai wuya kamar wannan ba. Dattijuwar ta jujjuya rokar, ta girgiza kowane fiffike, ta leƙa ciki, sannan ta miƙa wa Baba hannu ta ce ya ci. Ya ce mata wancan karon ma lissafinsa daidai ne. Ta ce ta sani.

Jiya bayan la'asar na gaya masa abin da ka ce, ban rage komai ba, har da maganar Kawu. Bai yi fushi ba. Ya ce in gaya maka ya gode da kulawa, kuma yana kewar gida da kabarin Inna fiye da yadda kake zato. Zai zo, in Allah ya yarda, amma ranar da ya zaɓa, kuma shi zai gaya maka da bakinsa. Ya ce duk wanda ke shakkar hankalinsa ya kira shi ya tambaye shi, tunda har yanzu yana ɗaukar waya. Don haka, Yaya, ba zan sa shi a jirgi ba. Ka kira shi ran Juma'a, ka ware lokaci, domin zai yi maka bayanin rokar tun daga kai har wutsiya. Roƙona ɗaya, maganar ƙullin nan ta tsaya tsakanina da kai. Baba ya sayi rufin asirin nan da tsada, kada mu zubar masa.

Ka gaishe mini da Anti Mariya, da Sadiƙ da Shamima, da Gwaggo Tahiratu da jikin nata, Allah ya ƙara sauƙi. Ka gai da Kawu Ado da kyau, ka ce Baba yana tambayarsa. Haisam yana gaishe ka, Humaira ma ta ce a gai da kawunta. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka har kullum,
Firdausi