Abin da Ɗanki Ya Naɗe a Baƙin Ƙyalle

Soron Ɗinki, Kano
Laraba, 7 ga Maris, 2012

Zuwa ga Yaya Mardiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara da duk mutanen Haɗeja. Yaya ƙafar taki, ta yi sauƙi? Mu nan muna yadda kika sani. Tun Juma'ar nan da bama-bamai suka girgiza gari babu wanda ya ƙara cin abinci ya ji daɗinsa. Ko murfin tukunya ne ya faɗi sai mun yi salati.

Kada ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Maganar ba ta waya ba ce, an ce ana saurare. Hajo mai kai turare kasuwarku za ta ba ki hannu da hannu. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san sai da na fara furfura na riƙe biro.

A kan ɗanki ne. Ke kika yaye shi, ke kika goya shi, ke ya sani uwa har ya shekara goma sha biyar. Ni har yau Adda yake ce mini. Ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa zaunar da shi na tambaye shi abin da ke ransa ba. Haka aka tarbiyyantar da mu a kan ɗan fari, ban kuma taɓa jin nauyin abin ba sai yanzu.

Yaya, yaron nan ya canza. Da sai magariba yake barin shagon ɗinki, yanzu la'asar na yi ya dawo, ya shige ɗakinsa na kusa da soro ya sa sakata. Ya yi wani sabon aboki, Sabo, ba ɗan unguwar nan ba ne, kullum da jaka a kafaɗa, gaisuwarsa a tsaye. Mako uku da suka wuce ya shigo da wani dogon abu naɗe a baƙin ƙyalle, tsawonsa daga ƙasa zuwa ƙirji. Ya rungume shi yana bin jikin bango, yana waige.

Na lura da yatsunsa wajen cin tuwo. Kawunan yatsun hannun hagu duk sun yi bororo, biyu ya ɗaure da filasta. Na auri maɗinki shekara ashirin da shida, na san ciwon allura. Wannan ba shi ba ne.

Sannan akwai ƙarar. Bayan la'asar take fitowa daga ɗakin, can ƙasa-ƙasa. Kin tuna bijimin Kaka idan ya yi kuka daga bakin fadama muna rugar? To, kamar haka. Ta taso, ta zame sama, ta yanke, a sake farawa. Ba a kunne nake jin ta ba, a ƙirji.

Jiya da ya fita ya manta bai kulle ba, na shiga da tsintsiya. A ƙarƙashin gado na ga gwangwanin madara babba, an huhhuda murfin, waya biyu na fitowa daga ciki, ja da baƙa, ga batir an ɗaure a jiki. Gefe kuma faranti cike da guntayen ƙarfe, sirara, kamar tsawon yatsa, sun fi ashirin. Kin dai ji abin da ake cewa ana zubawa a gwangwani. Ban san lokacin da na fito ba, tsintsiyar ma a can na bar ta.

Ba zan iya gaya wa baffansa Malam Ƙasimu ba. Tun rasuwar mahaifin yaron shi ne babba a gidan, kuma kin san shi, kafin na rufe baki ya isa wurin mai unguwa. Don Allah ki zo. Ke ce za ki kama kunnensa ki tambaye shi ya amsa.

Ki gai da Alhaji. Ki ƙona takardar nan idan kin karanta.

Ƙanwarki,
Lauratu

Soron Ɗinki, Kano
Litinin, 12 ga Maris, 2012

Yaya Mardiya,

Sallama da gaisuwa irin ta zumunci. Allah ya sa kun tashi lafiya, Allah ya ƙara wa ƙafa sauƙi. Hajo ta dawo ta ba ni saƙonki. Na ji Alhaji ya hana ki tafiya saboda shingayen hanya, ban ga laifinsa ba. Na kuma ji kin ce in ajiye kunya in tambaye shi da kaina.

Na gwada, Yaya. Ranar Asabar na ɗauki abincinsa da kaina na kai ƙofar ɗakin, abin da ban taɓa yi ba. Ya buɗe kaɗan, ya tare ƙofar da jikinsa, ya ce, "Sannu, Adda." Tun daga madafa nake shirya maganar. Da na ɗaga kai na ga fuskar mahaifinsa, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Tuwon zai huce." Na juyo.

Yanzu masu kaki sun fara bin gida-gida. Ranar Juma'a sun yi wajen Ƙofar Mazugal. Asibi maƙwabciyata ta ce an tafi da ɗan ƙanwarta saboda an sami wayoyi a ɗakinsa, shi kuwa gyaran wuta ne sana'arsa kowa ya sani. Har yau ba su san inda yake ba. Idan aka tafi da mai gyaran wuta a kan waya, ina ga tela mai gwangwani da batir?

To, ga abin da na yi, ki yafe mini idan na yi wauta. Jiya da hantsi ya tafi shago. Na san inda marigayi yake ajiye makullin ɗakin na biyu. Na yi alwala, domin ban san ko zan fito da rai ba. Na ɗauki gwangwanin a hankali kamar ƙwai, na haɗa da doguwar wayar da ke maƙale da shi da farantin ƙarafan nan, na sa a kwando na rufe da zane. Daga ɗakin zuwa bayan gida taku nawa ne, amma sai da na karanta duk abin da na haddace. Na zuba su a masai. Na tsuguna na toshe kunne ina jira. Ba abin da ya faru.

Dogon abin ne ya gagare ni. Yana bayan katifa. Na taɓa ta kan ƙyallen na ji wuya dogo mai sanyi, ƙasa kuma faɗi kamar inda ake dafawa a kafaɗa. Ba zai shiga masai ba, ba kuma zan iya fita da shi titi ba. Na bar shi.

Da ya dawo ina jin sa yana jan gado, yana ɗaga akwati. Ya fito tsakar gida ya tsaya, ya dube ni, na ci gaba da tsince shinkafa. Ƙarar nan ta daina, amma shirun ya fi ta ban tsoro.

Ki taya ni da addu'a. A gai da yara.

Taki,
Lauratu

Soron Ɗinki, Kano
Asabar, 17 ga Maris, 2012

Yayata Mardiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gai da Alhaji, da fatan kowa lafiya. Kafin komai, ɗanki yana raye, yana da lafiya, ga shi ma a gabanki, tunda shi na ba takardar nan. Ki ba shi ruwa tukuna sannan ki karanta.

Masu kakin sun zo shekaranjiya Alhamis da hantsi, bai riga ya fita ba. Suka tare bakin lungu, suka ce maza su fito tsakar gida su durƙusa. Malam Ƙasimu da carbinsa, da ɗanki, duk gwiwa a ƙasa. Mu mata muna jikin bangon madafa. Biyu suka shiga ɗakinsa. Sai ga su sun fito da baƙin ƙyallen nan a hannu. Babbansu ya ce kowa ya ja baya, ya sa bakin bindiga ya yaye ƙyallen.

Yaya, jita ce. Abin kiɗa. Ja ce, fentin duk ya goge, da tsirkiya huɗu masu kauri kamar igiyar guga. Wai bes ake ce mata, ita ce mai babbar murya a cikin kayan kiɗa. Daga baya na ji labarin duka. Kwance ya saye ta a Sabon Gari, irin mai arahar nan. Sabo mai kiɗan fiyano ne a inda ake ɗaukar waƙoƙi, shi yake koya masa. Guntayen ƙarafan da na gani a jikin wuyanta suke, a gicciye, su ke nuna wa yatsa inda zai tsaya. Shi ya cire su da filaya ɗaya bayan ɗaya, ya cike gurbin da garin katako da gam, wai yana so muryarta ta riƙa zamewa kamar ta goge. Gwangwanin kuwa lasifika ce ya haɗa mai batir saboda rashin wuta. Ya ɓoye ne don kada a ce jikan malamai ya zama makaɗi.

Amma a lokacin ba wanda ya san wannan. Ba su sake shi ba. Wani dogo a cikinsu, Hausarsa a karye, ya ce shi yana kaɗa irinta a cocinsu, kuma bai taɓa ganin mai wuya sumul haka ba. Ya juya ta ya ga ramin da ake sa waya, ya ce ina wayar, ina sifika? Ɗanki ya ce sun ɓace. Babban ya ce, "Sun ɓace ko ka kai wa abokanka?" Ya ce idan abin kiɗa ne ya kaɗa su ji.

Irin wannan jitar ashe ba ta da ciki, katako ne zalla. In babu lasifika ba ta magana. Ya rungume ta a durƙushe, ya ja tsirkiya. Ba abin da ya fito sai ƙas, ƙas, kamar ana karya tsinke. Tsirkiyar ta yi nisa da wuyan, sai an danna da ƙarfi, ga bororo a yatsu, ga babu ƙarfen da zai nuna masa wuri. Ya sake, ƙas. Babban ya ce da na bayansa, "Kawo igiya."

Muryar da za ta cece shi ni na zuba ta a masai da hannuna. Wannan ne kawai ke yawo a kaina. Sai na tuna goge da garaya duk da ƙwarya a cikinsu, wannan kuwa ba ta da ita. Ban san na motsa ba. Na ji ana cewa "Mama, koma!" amma na riga na ɗauko babban masakina na wankin gero. Na kife shi a gabansa, na tokare gefe da dutse, na ce, "Hambali, ɗora ta a nan. Danna ta sosai." A gaban baffansa, a gaban baƙi. Shi kansa sai da ya ɗago ya dube ni.

Ya danna gindin jitar a bayan masakin ya ja tsirkiya. Sai ga ta. Ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji, wannan kukan bijimin. Na farko ya fita a karkace. Ya rufe ido ya zame yatsa a hankali har ta zauna daidai, sannan ya bi wata waƙar biki da kowa ya sani, tana hawa tana sauka kamar mutum na rera ta da baki a rufe. Dogon nan ya karɓa ya ce bari ya gwada. Ya lalubi wuyan sama da ƙasa, duk inda ya sa yatsa sai ta yi kukan akuya. Abokansa suka fashe da dariya. Ya miƙa masa ya ce, "Wannan hanya ce babu alama. Kai, tela, ka fi ni kunne." Babban bai yi dariya ba. Ya ce kada ya ƙara naɗe ta a baƙin ƙyalle in yana son ransa. Suka wuce gidan Asibi.

Malam Ƙasimu ya tashi ya karkaɗe gwiwa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya gode wa Allah, amma gidan ɗan'uwansa ba gidan makaɗa ba ne, ya zaɓa. Ɗanki ya zaɓi jitar, ya ce zai taho wurinki. Ni ma ban hana ba, don an ce za su sake dawowa, kuma ba kullum ake samun mai zuwa coci a cikinsu ba. Na ce ya riƙe ta tsirara a mota, a kan cinya, kowane shinge ya fara miƙa ta kafin a tambaya. Yana isa ki kira ni ki ce baƙo ya sauka, zan gane. Ba zan zauna ba sai na ji.

Saura abu ɗaya. Jiya ya same ni a madafa, ya tsuguna daga bakin ƙofa ya ce, "Adda, ashe ke kika ɗauke gwangwanin. Kin ji tsoron kada su gani su yi zaton wani abu ne ko?" Na ce e. Ya ce, "Allah ya saka da alheri." Ya yi ta godiya, Yaya. Shi a zatonsa su kaɗai na ji tsoron su yi masa mummunan zato. Bai san wata guda na yi ina kallonsa yana cin tuwona ina ganin mai kashe mutane ba.

Ke kaɗai kika sani. Ki nema masa shagon ɗinki a nan, ki bar shi ya yi kiɗansa, ki sa masa man kaɗanya a yatsun. Idan ya tambaye ki me Adda ta rubuta mai tsawo haka, ki ce gaisuwa ce.

Ƙanwarki har kullum,
Lauratu