Jitar da ta dafa wake

Nima, Yuli 1982

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafarki, yaya su Sanatu? Ni lafiya lau, kada ki damu.

Jitar lantarkin nan na gama ta. Daga tsohuwar ƙofa na sassaƙo ta, na ciro waya da maganaɗisu daga matacciyar rediyo, na shafa mata jan fentin mota. Kawu Sumaila ya jira sai da fentin ya bushe. Ya yaba, sannan ya faskara ta, ya tura ƙarƙashin tukunyar waken matarsa. Ni aka fara zuba wa. Yunwa nake ji, Inna, na cinye.

Ƙanen naki yana gaishe ki. Wai in gaya miki waken ya yi daɗi.

Ɗanki,
Jalilu