Na Nema wa Ɗana Aiki da Turancina, Bai Sani Ba

Anti mai shawara, ki taimake ni. Ƙafar maigida ta yi sauƙi, autata na fama da tari, ni kuwa jiki lafiya, hankali ne ba a kwance ba. Babban ɗana ne. Shekara biyu da gama jami'a, ya nemi aiki har ya gaji, yanzu da an ɗauko zancen sai ya shige ɗaki ya ja ƙofa.

Shara nake yi a wani kamfani. Ina goge tebur na ji za a ɗauki mai kula da sito. Na gaya masa, ya ce in ƙyale shi. Sai na zauna na rubuta takardar tambayar aikin da Turanci, da sunansa, har na sa hannu a madadinsa, na jefa a akwatin sakatariya. Ki sani sai da na haifi huɗu na shiga ajin manya, Turancina kame-kame ne.

Jiya da safe ina share ofishin manaja na gan ta a tebur, an ja mata layi da jan biro har wuri bakwai. Za su ce yaro ya yi jami'a bai iya haɗa jimla ba, alhali bai ma san an yi ba. Mabuɗin ofishin yana hannuna. In ɗauke ta in sa wata? Alhamis ake rufe karɓa, don Allah ki amsa kafin nan.

Uwa mai fargaba

Amsa:

'Yar'uwa, kada ki taɓa takardar nan. An riga an karanta, ɗaukewa ba za ta gyara komai ba, sai dai ki rasa aikinki da amanar da aka ba ki.

Ƙauna ce ta sa ki, na sani, amma sa hannu a madadinsa ya fi kuskuren Turancin nauyi. Ki gaya masa yau. Zai yi fushi, kuma yana da gaskiya. Ki bari ya huce. Sannan ya rubuta tasa, gajeriya: gaisuwa, sunansa da karatunsa, aikin da ya ji labari, tambaya ko gurbin yana nan, godiya. Ya ba wani ya duba masa kafin ya kai.

Ke kuma ki sami sakatariya ki ce ta farkon ke kika rubuta. Kunyar minti biyu ce, za ta wanke sunansa. In ya ƙi nema, ki haƙura, ba a yi wa babba dole.

Allah ya buɗa masa, ya sanyaya miki zuciya.