Kada Ka Aiko da Sabon Injin

Zuwa ga ƙanena, Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ɗan'uwan da ya daɗe bai sa ɗan'uwansa a ido ba, tare da fatan takardar nan za ta iske ka lafiya, kai da mai ɗakinka da 'yar ƙaramarku. Allah Ya ƙara maka lafiya da juriyar zaman nesa, Ya sa albarka a aikinka, Ya kare ka daga abin da ba ka gani ba. Mu nan gida kowa lafiya. Inna ƙafar nan ce dai take tasar mata in gari ya yi sanyi, amma bakinta lafiya lau, daga kan tabarma take raba wa kowa aiki kamar yadda ka san ta. Ƙanwarmu, matar Dogo, ta sauka lafiya, an samu mace, kuma kowa ya ɗauke ta sai ya ce goshinka ta kwaso, Allah Ya sa abin ya tsaya a goshin. Babbar 'yata ta gama koyon ɗinki, yanzu duk rigar da na ajiye sai na tarar an rage mata hannu. An gyara rufin ɗakin Inna kafin ruwa ya sauka, ba ya yoyo.

Auta, maganar da ta sa na ɗauki biro ita ce ta injin neman zinariya. Matata ta gaya mini ka ce ka samo sabo, wanda ya fi namu kamawa a zurfi, kana jiran mai tahowa ka ba shi ya kawo. Ina roƙonka kada ka aiko da shi. In ana mayarwa ka mayar, in ba a mayarwa ka nemi mai so a can. Ni na yi ta kai maka ƙarar tsohon cewa ya gaji, ya daina kamawa, kai kuma ka yarda da maganar yayanka. To injin nan da ka aiko mini shekara tara da suka wuce lafiyarsa ƙalau. Ni ne ba ni da lafiya, kuma na fi wata biyu ina juya yadda zan gaya maka.

Ba ka taɓa bin mu daji ba, bari in ba ka hoton aikin don ka fahimce ni. Mu shida ne. Ni ke riƙe inji, sauran biyar, har da Dogo, suna biye da diga da shebur. Kafin in fara sai na cire agogo da zobe, takalmina ma babu ko ƙusa ɗaya a jikinsa, kowa kuma ya kashe waya. Sai in yi ta ɗaga faifan injin ina saukewa a wuri ɗaya har ya saba da ƙasar wurin ya daina surutu, ya rage wani siririn amo da ba ya yankewa a abin kunnen da nake sawa. Mu kukan sauro muke ce masa. Daga nan in kama tafiya a hankali, faifan yana shafar ƙasa daga dama zuwa hagu, ina jan wata doguwar igiya mai ƙulli a bayana don ta zana mini layin da na riga na bi. Mutane suna zaton in an zo kan zinariya inji ihu yake yi. Ƙarfe ne ke sa shi ihu, tsohuwar ƙusa ko murfin gwangwani. 'Yar ƙwayar zinariyar da ke ƙasa kamu ɗaya ko biyu, kukan sauron nan kawai za ka ji ya ɗan yi rawa ya koma daidai, in ka yi tari a lokacin ma ka wuce ta. Duk sana'ar a wannan 'yar rawar take. Ni kuwa ba yabon kai ba, har Zomo ake kirana saboda kunne, ana zuwa daga wasu rukunai a roƙe ni in saurara musu wurin da suke shakka.

Daga ƙarshen damina abin ya canza. Mako bakwai cur babu abin da na sa aka haƙo sai ƙusoshi da guntayen waya da wani tsohon kwaɗo. Na ce batir ne, aka sake. Na ce igiyar faifai ce ta tsinke daga ciki. Na ɗauki inji na kai wa mai gyara, ya buɗe, ya gwada, ya ce wannan ai ya fi shi lafiya. Na zazzage masa rashin mutunci a gaban mutane, na ce bai san aikinsa ba, yanzu ko ta ƙofar shagonsa kunyar bi nake. Akwai wani gefen tudu da muka yi kwana goma sha ɗaya a kansa, na bi shi layi bayan layi, ban bar ko tafin hannu ba, na ce wa mutanena babu komai a nan, mu tashi. Muka tashi. Bayan kwana uku wasu suka sauka a wurin da wani ɗan tsohon inji da aka ɗaure wuyansa da roba, suka yi ta tsintar zinariya a cikin sawun igiyata. Dogo ne ya je ya gani da idonsa. Da ya dawo, ranar bai ci abinci tare da mu ba.

Muna da wata al'adar aiki ta kowace safiya. Akwai 'yar ƙwayar zinariya, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, da na manne a cikin murfin roba. Kafin mu fara nakan tona ƙasa in binne ta, in wuce da faifai a kai, in na ji ta to inji ya daidaita. Shekara tara ni ke binnewa da hannuna, ni ke saurare. Ka ga inda na cuci kaina? Na san inda take, don haka kullum sai in ji ta, ko in ce zuciyata ta ji ta. Washegarin dawowar Dogo, ina ciro murfin daga aljihu sai ya miƙo hannu, ya ce yau shi zai binne, in juya baya. Na yi dariya na ce surukin banza, yau kuma ni za ka yi wa jarrabawa. Bai yi dariya ba. Ya share fili kamar faɗin tabarma biyu, ya binne, ya shafe sawu da tafin hannu, sannan ya zare igiyar abin kunnen daga jikin inji don amon ya fito fili kowa ya ji.

Na bi filin nan sau ɗaya, ban ji komai ba. Na sake bi a gicciye, na rage sauri. Na bi na uku. A kunnena amon nan shimfiɗe yake, babu rawa babu komai, kuma can nesa nake jiyo shi. Da na ɗaga kai sai na ga mutum biyar kowa ya kafa wa ƙasa ido, babu mai son mu haɗa ido. Girman kai bai bar ni ba, na nuna wani wuri da ƙafa na ce a nan take. Aka tona babu. Dogo ya durƙusa ya sa yatsa biyu dab da inda nake tsaye ya ciro murfin, ya kakkaɓe shi a rigarsa ya sa mini a hannu. Ya matso kusa da fuskata ya ce, "Yaya, sau uku ta yi kuka, duk mun ji." Auta, tun rasuwar Baba ban ji abin da na ji a ƙirjina a wannan safiya ba.

Na je asibiti. Suka sa ni a wani ɗan ɗaki, suka ɗora mini abin kunne irin nawa na aiki, suka ce duk sanda na ji ƙara in danna maɓalli. Na zauna ina jira a fara, ashe an daɗe da farawa. Likitan ya ce kunnen dama ya riga ya rasa duk wani siririn sauti, na hagu kuma yana bin sawunsa. Ya tambaye ni ko na taɓa aiki a wurin ƙara, na ce shekara goma sha ɗaya na yi a bakin injin niƙan dutse kafin ka raba ni da shi, ko auduga ban taɓa sawa ba. Na kuma gaya masa shekara biyun nan kullum sai na ƙara murɗa ƙarar abin kunne, har ta kai ƙarshe. Ya girgiza kai ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a lallaɓa abin da ya rage. Ya ce akwai na'urar da ake maƙalawa a kunne, za ta taimaka mini wajen hira da mutane, amma kada in sa rai za ta dawo mini da irin jin da nake nema. Na san za ka ce akwai inji mai allo da ke nuna lamba, har da mai girgiza hannu. Na gwada na wasu. Suna nuna babba, suna nuna na sama-sama, to irin waɗannan an daɗe da tsince su. Abin da ya rage a ƙasar nan ƙanana ne masu zurfi, kuma su sai kunne.

Abin da ya fi ba ni kunya, ashe a gida ni kaɗai ne ban sani ba. Da na gaya wa matata sai ta ce ta fi shekara tana zagayowa ta hagu in za ta yi mini magana, yaran ma ita ta koya musu, ta rasa ta inda za ta fara ne saboda ta san halina. Kai ma ina neman gafararka. Duk ranakun da ka kira na ce layi ba shi da kyau na miƙa mata wayar, layi lafiyarsa lau. Inna ce kaɗai har yau ba ta sani ba. Takan kira ni daga ɗakinta in wuce ban amsa ba, shekaranjiya ta gaya wa ƙanwarmu wai tunda na fara taɓa zinariya na fi ƙarfin amsa kiran uwata. Na gwammace ta ɗauke ni marar kunya da ta san gaskiya, domin ka san yadda take kwana da abu a rai. Kada ka gaya mata tukuna.

Na yi ƙoƙarin koya wa Dogo. Yana da haƙuri, hannunsa kuma ba ya rawa, amma yaya zan koya wa mutum sautin da ni ba na ji? Akwai wani baƙin dutse a ƙasar nan da ke yi wa inji ƙarya, kukansa da na zinariya kamar wa da ƙane suke, na dutsen ya fi faɗi kaɗan, kuma yakan ɓace in ka juyo ta wani gefen. Na faɗa masa haka ya fi sau ashirin. Sai ya tsaya ya ce in saurara, wannan wanne ne, ni kuwa in tsaya ina kallon bakinsa. Duk abin da na tara a shekara tara a cikin kunne na ajiye shi, ban san ba zai fitu ta baki ba. Yanzu kowane dutse sai an haƙa masa rami har gwiwa. Mutum biyu sun bar mu sun bi waɗancan na gefen tudu, ban kuma ga laifinsu ba, iyali gare su. Sauran ma kunyata ce kawai ta riƙe su, na san ba za ta daɗe tana riƙe su ba.

To ga roƙona. Injin nan naka ne, amana ka ba ni, ba zan miƙa wa wani ba sai da izininka. Ka yarda in bar wa Dogo shi gaba ɗaya, ko Allah zai sa kunnensa ya buɗe kafin kowa ya watse. Ni zan koma diga. Na san shekaruna, na san bayana, amma haƙa ba ta bukatar ji, wanda ke kusa zai taɓa kafaɗata ya nuna mini wuri in sara. Ba na jin zan kai wata damina a haka, kuma ban san wace sana'a zan kama bayan nan ba, don ban iya komai ba sai saurare. Ba don ka tayar da hankalinka na faɗa ba, na gaji ne da yi maka ƙarya. Amsar kuma ka rubuto ta a takarda.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka da kyau, ka ce na gode da maganin ƙafar Inna. Ka gaishe da Kawu in kun haɗu, da maƙwabcinka tela da ya riƙe ka kamar ɗan'uwa. Inna tana sa maka albarka, matata da yara da ƙanwarmu da Dogo duk suna gaisuwa. Ka shafa mini kan 'yar ƙaramarku. Muryarta da ka turo ranar da ta fara magana ta iso, na shiga ɗaki na rufe ƙofa na manna wayar a kunnen hagu, na kunna ya fi sau goma. Daga baya matata ta ce wai Baba Babba take cewa, ni take kira. In ta yi wayo ka ce mata na ji, kuma na amsa.

Wassalam. Ni ne yayanka,
wanda ake ce wa Zomo.