Kuromosom Ɗin da Kuka Rataye da Sunana na Biri Ne

Zuwa ga Shugaban Sashen Nazarin Halittu na kwalejin da na bauta wa har na yi ritaya,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina da ƙorafi a kan allon da kuka rataye a ƙofar sashenku, wai don karrama ni.

Na ɗaya. Lokacin da nake kula da ɗakin gwaji, na haɗa kati biyu don nuna wa ɗalibai inda ƙwayar gadon da ke sarrafa furotin ɗin madara take zaune a jikin kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayar halitta. Ɗaya daga jinina na yi shi. Ɗayan hoton na birin cimfanzi ne, wani abokin karatuna ya aiko mini daga Turai. Da almakashi na yanka kowane kuromosom, na jera su biyu-biyu, na liƙa, na ɗiga jan tawada a gurbin ƙwayar. A zamaninmu a bayan kati ake rubuta suna, da fensir.

Na biyu. Ba ku juya katin ba. Kun ɗauki wanda ya fi kyan gani, kuka sa shi a gilashi, kuka rubuta a ƙasa cewa kuromosom ɗina ne. Ɗan Adam yana da kuromosom arba'in da shida, cimfanzi arba'in da takwas. Sashe guda cike da daktoci, kullum kuna wucewa ta gaban allon da manyan riguna, an rasa mai tsayawa ya ƙirga.

Na uku. Surukina ya ɗauki hoton allon da waya yana murna, ya tura wa dangi, wani likita a danginsu ya ƙirga ya sami arba'in da takwas, magana ta bazu. Yanzu a majalisarmu ta Ƙofar Doka ayaba ake miƙo mini bayan La'asar. Na rubuto maka sau biyu, sakatarenka ya ce za a kafa kwamiti. Kwamitin juya kati, ranka ya daɗe!

Ina roƙo a sauke allon, a karanta bayan katin, a manna gyara a wurin da sa hannunka. In Juma'a ta wuce yana nan, zan zo da tsani da rana tsaka, gaban ɗalibanka, in sauke abina.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya ba ka mataimaka masu duba abu kafin su buga ƙusa.

Wassalam.

Tsohon mai kula da ɗakin gwaji,
Birnin Zariya.